Tarihin Farautar Tsofaffin Faya-fayan Sol da Sake Buga Su

Gabatarwa

Galibi idan aka tashi ba da tarihin waƙa a kowace al'umma, waɗanda suka yi suna su ake lissafawa, su ne kuma ake rubuta littattafai a kansu. To amma a bayan kowane mawaƙi guda da duniya ta sani, akwai ɗaruruwa waɗanda suka shiga ɗakin ɗaukar murya sau ɗaya ko sau biyu, faifansu bai yi kasuwa ba, suka koma bakin sana'arsu ta da. A cikin wannan maƙala ina so in bi sawun irin waɗannan faya-fayai na kiɗan sol, watau kiɗan Baƙaƙen fatar Amurka, in nuna yadda suka ɓace, da yadda waɗansu samari 'yan ƙwadago na Arewacin Ingila suka tono su, da kuma yadda aka zo aka sake buga su. Abin da ya ja hankalina ga wannan tarihi tambaya ce guda: idan waƙa ta ɓace, wani ya tsinto ta bayan shekaru, ta wane ne? Ta wanda ya rera ta ce, ko ta wanda ya tsince ta, ko kuwa ta wanda ya riga kowa kai ta kasuwa?

Asalin Kiɗan da Yanayin Kasuwarsa

Kalmar sol a Turanci tana nufin rai ko ruhu. Kiɗan ya tsiro ne a shekarun 1950, lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon rera waƙoƙin coci, da jan murya da amshi, suka ɗora shi a kan waƙoƙin soyayya da na rawa. Kafin nan kuwa an daɗe ana wata babbar ƙaura, domin daga wajen 1910 zuwa 1970 Baƙaƙen fata kimanin miliyan shida suka bar jihohin kudancin Amurka, suka nufi birane masu masana'antu irin su Detroit da Shikago da New York. A waɗannan birane kiɗan ya sami masu yi da masu saye. Amonsa ya iso har nan ƙasar, domin James Brown da kansa ya yi wasa a Legas a 1970.

Kamfanoni biyu suka fi shahara. Berry Gordy ya kafa nasa a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, shi ne ya zama Motown. A Memphis kuma Jim Stewart da 'yar'uwarsa Estelle Axton suka kafa wanda aka sa wa suna Stax a 1961. Abin da ya sauƙaƙa wa kowa shiga sana'ar shi ne ƙaramin faifan nan mai faɗin inci 7, mai juyawa sau 45 a minti ɗaya, wanda kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949. Waƙa ɗaya ce a kowace fuska, kuma buga shi ba tsada. Saboda haka da aka ga arzikin da Gordy ya yi, sai mai shago da ma'aikacin rediyo da mai gidan rawa kowa ya buɗe ɗan kamfaninsa, ya tara samarin unguwa masu murya, ya yi hayar ɗakin ɗaukar murya na 'yan sa'o'i, ya buga faifai ɗari uku ko ɗari biyar.

A nan ne mai karatu zai ga dalilin ɓacewar yawancinsu. Faifai ba ya sayuwa sai an ji shi a rediyo, masu sa faifai a rediyo kuwa faya-fayai sun yi musu yawa, waɗansunsu ma sai an ba su na goro. Idan an tsallake wannan, sai dillalai masu rarrabawa, waɗanda suke karɓar kaya bashi, su biya bayan watanni, su kuma maido da abin da bai sayu ba. Har ma akan ce samun kasuwa farat ɗaya yana iya karya ƙaramin kamfani, domin dole ya ci bashi ya buga ƙari tun kuɗin na farko ba su shigo ba. Ragowar kaya kuwa ko a huda su a sayar a arha, ko a jibge a sito, ko a narkar a sake buga wani abu da su.

Kamfanin Shrine na birnin Washinton ya isa misali. Eddie Singleton da Raynoma, tsohuwar matar Berry Gordy, su suka tafiyar da shi daga 1964 zuwa 1967, suka fitar da faya-fayai kimanin ashirin, ba ko ɗaya da ya yi kasuwa. Ragowar kayansu na ajiye a sito, sai gobara ta cinye su a tarzomar da ta ɓarke a 1968 bayan kisan Martin Luther King. Abin da ya tsira ɗan kaɗan ne, shi ya sa faya-fayan Shrine suka zama cikin mafi wuyar samu.

Samarin Arewacin Ingila

Da shekarun 1960 suka ƙare, kiɗan Baƙaƙen Amurka ya sauya salo, ya koma mai nauyi irin na James Brown, mutanen Landan kuma suka bi sabon yayi. Amma a garuruwan masaƙu da ma'adinan kwal na Arewacin Ingila da tsakiyarta, samari suka ƙi sakin tsohon kiɗan Detroit mai sauri. Matattararsu ta farko ita ce gidan rawa na Twisted Wheel a Manchesta, wanda aka buɗe a 1963, inda ake kwana ana rawa daren Asabar har gari ya waye. Wani mai shagon faifai a Landan, Dave Godin, ya lura cewa 'yan kallon ƙwallo da suke zuwa daga arewa ba sa tambayar sababbin faya-fayai, sai tsofaffi masu sauri. Shi ya laƙaba wa abin suna Northern Soul, watau sol ɗin 'yan arewa, sunan kuma ya bazu bayan ya yi amfani da shi a mujallar Blues & Soul a 1970. Sai a lura, arewar Ingila ake nufi, inda masu rawar suke, domin mawaƙan suna can Amurka, yawancinsu ma ba su san ana yi ba.

An rufe Twisted Wheel a 1971, aka koma Golden Torch a yankin Stoke, shi ma hukuma ta hana shi lasisi a 1973, domin ƙwayoyin hana barci sun yi yawa a irin waɗannan wurare, kuma wannan aibi ne da ya bi harkar tun farkonta. A watan Satumba na 1973 aka fara kwanan rawa a Wigan Casino, daga ƙarfe biyu na dare zuwa takwas na safe, aka yi ta yi har 1981. Ba a sayar da giya. Samari da 'yan mata kan zo daga nesa cikin jirgin ƙasa da bas, kowa da jakarsa ta sauya tufa, su barbaɗa hoda a daɓen katako don ƙafa ta yi sulɓi.

To, ga inda farauta ta samo asali. Tun da Amurka ta daina yin irin wannan kiɗa, ba wata hanyar samun sabuwar waƙa sai a nemo tsohuwa wadda ba a taɓa ji ba. Waƙoƙin Motown da suka shahara kowa ya gaji da su. Don haka darajar mai sa faifai ta koma kan abin da yake da shi wanda babu a akwatin kowa. Ashe ke nan rashin kasuwar da ya kashe faifai a Amurka shi ne ya ba shi daraja a Ingila. Masu sa faifai irin su Ian Levine na Blackpool Mecca da Richard Searling na Wigan, da dillalai irin su John Anderson mai Soul Bowl a King's Lynn, suka riƙa ƙetare teku suna bin sito-sito da shagunan gwanjo, suna sayen abin da masu shi suke ɗauka shara ne.

A irin wannan tafiya ce Searling ya samo faifan Gloria Jones mai suna Tainted Love a 1973. An fitar da waƙar a 1965 a bayan wani faifai da bai je ko'ina ba. Ta zama abin rawa a Wigan, daga nan wasu Turawa biyu da ake kira Soft Cell suka sake rera ta a 1981, ta zama ta ɗaya a Birtaniya, ta kuma zaga duniya. Mutane da yawa da suka san ta ba su san wadda ta fara rera ta ba.

Ɓoye Suna da Buga Jabu

Wanda ya sha wahalar tono faifai ba ya son gobe ya ji shi a hannun abokin hamayyarsa. Sai aka ƙirƙiro wata dabara: a liƙe takardar tsakiyar faifan da wata farar takarda, a rubuta sunan ƙarya na mawaƙi da na waƙa. Idan mai leƙe ya leƙa garmaho, sunan ƙarya zai kwafa, ya je ya yi ta nema a banza. Ta haka waƙa takan yi shekara ko fiye ana rawarta da sunan wanda bai rera ta ba. A ganina wannan shi ne babban abin takaici a tarihin nan, domin mawaƙin da ƙasarsa ta manta da shi, da aka tashi tuna shi a wata ƙasa sai aka fara da shafe sunansa.

Dabarar ba ta hana ɓarayi ba. Da zarar waƙa ta karɓu, sai wani ya sami kwafi ya buga dubbai na jabu, a sayar a ƙofar gidan rawa, ba izinin kowa, ba kuma sisin kwabo ga mawaƙi ko marubucin waƙar. Da jabu ya fito kuwa, manyan masu sa faifai kan yar da waƙar su nemi wata. Wannan ya tilasta wa masu tarawa koyon wani ilmi na musamman: duba lambobin da aka zana a gefen takardar tsakiya inda layin waƙa ya ƙare, da kalar takarda, da irin haruffan ɗab'i, don a bambance na asali da na jabu.

Labarin da ya tattara duk waɗannan abubuwa shi ne na Frank Wilson. A 1965 ya rera Do I Love You (Indeed I Do) wa Motown, aka buga kwafin gwaji kimanin 250. An ce Berry Gordy ya ba shi zaɓi tsakanin zama mawaƙi da zama mai shirya wa waɗansu waƙa, ya zaɓi na biyu, sai aka lalata faya-fayan. Ya ci gaba ya shirya wa Supremes da Four Tops da Eddie Kendricks waƙoƙin da suka yi kasuwa ƙwarai, sa'an nan ya bar harkar ya zama mai wa'azi a coci. A ƙarshen shekarun 1970 kwafi ɗaya ya fita daga ma'ajiyar Motown ya faɗa hannun wani dillali, aka yi ta rawarsa a Wigan da sunan wani mawaƙi daban, Eddie Foster, har jabu ya fito da wannan suna. Da asiri ya tonu, Tamla Motown ta fitar da waƙar a Ingila da sunan mai ita a 1979. Kwafi biyu na asali aka daɗe da sanin sun tsira, kuma a watan Mayu na 2009 aka yi gwanjon ɗaya a kan fam 25,742. Wilson ya rayu har ya zo Ingila ya rera waƙar a gaban masoyanta, ya rasu a 2012.

Sake Bugawa ta Hanyar Izini

Tun da wuri manyan kamfanoni sun gane akwai kuɗi a wurin. Waƙar ƙungiyar Tams ta 1964, Hey Girl Don't Bother Me, da aka sake fitar da ita ta zama ta ɗaya a Birtaniya a 1971. Ta R. Dean Taylor kuma, There's a Ghost in My House, ta kai ta uku a 1974. Amma wannan duk bin yayi ne, a ci kasuwa a wuce.

Aikin da ni nake kira na tarihi ya fara ne a 1982, lokacin da kamfanin Ace na Landan ya buɗe reshe mai suna Kent, ya ɗora Ady Croasdell a kan zaɓen waƙoƙi. Tarin farko shi ne For Dancers Only. Hanyar Kent ita ce a nemo mai haƙƙin waƙa a yi yarjejeniya da shi, a ɗauko sauti daga tef na asali maimakon tsohon faifan da allura ta cinye, a kuma rubuta bayanin wanda ya rera da wanda ya rubuta da shekarar da aka yi. Shiga ma'ajiyar tef ya haifar da abin da ba a zata ba, watau waƙoƙin da aka ɗauka aka ajiye, ba a taɓa buga su ba sam. Magic Touch ta Melba Moore da It's Torture ta Maxine Brown duk ta haka suka fito, kusan shekara ashirin bayan an rera su. Kent ce kuma ta tattara waƙoƙin Shrine, ta kuma fara fitar da zaɓen Dave Godin na waƙoƙin sol masu sanyi a 1997. Manyan ma'ajiyu su ma an buɗe su: a 1991 an fitar da dukkan ƙananan faya-fayan Stax na 1959 zuwa 1968 a akwati guda, na Motown kuma aka bi su shekara-shekara daga 2005 zuwa 2013.

A Amurka kanta, kamfanin Numero Group da aka kafa a Shikago a 2003 ya ɗauki wata hanya, watau ya bi ƙananan kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, gari-gari. Ya fara a 2004 da Capsoul na birnin Columbus a jihar Ohio, wanda wani ma'aikacin rediyo, Bill Moss, ya tafiyar a farkon shekarun 1970. Ambaliya ta riga ta lalata tef ɗin Capsoul na asali, don haka daga faya-fayan da suka rage a hannun mutane aka ɗauko sautin. Nan ne amfanin masu tarawa ya fito fili, domin da ba su adana ba, da ba abin da za a sake bugawa. Moss ya ga fitowar aikin kafin rasuwarsa a 2005.

Har ila yau a Columbus, an tsinci wani tef na gwaji cikin kayan wani mamaci da aka yi gwanjonsu, da wata waƙa a ciki, You and Me, an rubuta sunan Penny and the Quarters. Numero ta fitar da ita a 2007 ba tare da an san ko su wane ne ba. Da aka sa ta a fim ɗin Blue Valentine a 2010 ta shahara, aka yi ta cigiya, har aka gano matar da ta rera da 'yan'uwanta, bayan shekara arba'in.

Haƙƙin Mawaƙa

Kada mai karatu ya ɗauka sake bugawa da izini ya share hawayen kowa. Izini daga mai haƙƙi ake karɓa, mai haƙƙin kuwa sau da yawa ba mawaƙin ba ne. Da yawa an biya su ladan yini ɗaya ne tun farko, suka sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Kamfani ma yakan faɗa wannan rami: a 1968 Stax ta gano cewa yarjejeniyarta da Atlantic ta mallaka wa Atlantic tef ɗin waƙoƙinta na baya, har da na Otis Redding, wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disamban 1967. Idan haka ta faru ga kamfani mai lauyoyi, ina ga yaro ɗan shekara goma sha tara? Gwagwarmayar da mawaƙiya Ruth Brown ta yi da Atlantic a kan kuɗinta na baya ita ta kai ga kafa gidauniyar Rhythm and Blues Foundation a 1988, don taimakon tsofaffin mawaƙa. Game da gwanjo kuwa, ko nawa aka sayar da tsohon faifai, kuɗin na mai sayarwa ne, ba abin da yake isa ga wanda muryarsa ke ciki.

Duk da haka akwai abin da ya koma gare su. Major Lance ya yi wasa a Golden Torch a Disamban 1972, aka ɗauka aka buga a faifai. Edwin Starr ya koma Ingila da zama har ya rasu a can a 2003. Dean Parrish, wanda waƙarsa I'm on My Way take cikin ukun da ake rufe daren Wigan da su, ya yi shekaru masu yawa bai san da labarin ba, daga baya aka nemo shi ya zo ya rera ta da bakinsa.

Kammalawa

Zuwan intanet ya kashe ɓoye suna, domin waƙar da a da sai an yi tafiyar dare zuwa Wigan kafin a ji ta, an wayi gari ana jin ta a waya. Amma bai karya farashin faifan asali ba, kuma akwai wuraren rawa da suka kafa dokar ba a sa kome sai na asali. Ni dai ban ga laifin mai son riƙe ainihin abin da aka buga a Detroit a 1965 ba, ko da yake ina ganin an wuce gona da iri idan aka raina wanda ƙarfinsa bai wuce sabon bugu ba, alhali sabon bugun ne kaɗai yake iya kai wa mawaƙi ko magadansa wani abu.

Idan na koma ga tambayar da na fara da ita, amsata ita ce waƙa ta wanda ya rera ta ce da wanda ya rubuta ta, mai tsintuwa kuwa amana ce a hannunsa. Ladan adanawa nasa ne, ba mai hana shi, musamman idan muka tuna gobarar da ta ci ma'ajiyar tef ta kamfanin Universal a 2008, wadda ta nuna cewa sito na babban kamfani ma ba tabbas gare shi ba. Amma adanawa ba ta cika sai an maido wa waƙa da sunan mai ita, an kuma nemi shi ko iyalinsa an ba su rabonsu. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar nazarin waƙa, kowace iri ce, ita ce duk lokacin da tsohuwar waƙa ta zo hannunmu, mu tambayi wanda ya rera ta, da inda aka ɗauke ta, da shekarar, da wanda ya ci moriyarta, mu kuma rubuta amsar tun masu iya ba da ita suna raye.